Gwangwanin Baba Gidado Mai Kuka

Wata rana rediyon Innata ya mutu.

A wurin wani ƙaramin abu ne. A gidanmu kuwa babban lamari ne, domin idanunta sun yi rauni, ba ta fita ko'ina, rediyon nan shi ne abokin hirarta.

Na sayo mata sabo dal, mai caji, har da fitila a goshinsa.

Ta kunna, ta saurara, ta miƙo mini abina.

"Hambali, wannan ai kamar mutum na magana a cikin buta. A gyara mini nawa."

Na zaga da shi cikin garin Azare. Duk shagon da na shiga, masu gyaran waya sai su jujjuya shi, su yi murmushi, su ce su ba su san irinsa ba.

Wani daga cikinsu ne ya ce, "Je ka bayan tsohuwar tasha ka tambayi Baba Gidado. In shi bai tashe shi ba, ka haƙura."

Shagon yana can ƙarshen layi, inda ƙafa ba ta cika bi ba. Gefe ɗaya tela, ɗaya gefen kango.

Na yi sallama.

Dattijo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa, tabaransa ɗaure da waya a ƙafa ɗaya. Ba wuta ranar, don haka ya ɗora wani ƙarfe mai bakin tagulla a kan ɗan murhun gawayi, da shi yake narka dalma.

Ba rediyoyi ne suka fara kama idona ba.

Gwangwanaye ne.

Na madara, na biskit, na kifi, jere a kan katako har kusa da rufi. Kowanne an huda shi, wayoyi sun leƙo, an dasa masa maɓallai. Da na matsa kusa sai na ga maɓallan ma murafan man goge baki ne da na kwalaben magani.

Na ce, "Baba, waɗannan fa na mene ne?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon wanda bai tabbata da shi ake ba.

"Kana son ka ji?"

Kafin in amsa har ya miƙe. Ya haɗa wani gwangwanin biskit da batirin babur, ya jona masa tsohuwar sifika, ya miƙo mini makirfo.

"Yi magana."

Na ce, "Assalamu alaikum."

Jama'a, muryata ta fito kamar ina tsaye a tsakiyar babban masallacin da ba kowa a ciki. Ta tafi, ta tafi, ta yi nisa kafin ta ɓace.

Ya murɗa wani murfi, sai muryar ta koma rawa kamar goge. Ya sauya gwangwani, sai ta yi kauri kamar ta wani ƙaton basamude.

Na fashe da dariya.

Shi ma ya yi. Amma dariyar wanda ya daɗe bai yi ba ce, har sai da ta sa shi tari.

Ya buɗe gwangwanin ya nuna mini cikinsa. Wata siririyar waya mai naɗe-naɗe ce, wadda ya ciro daga tsohuwar hita, ya miƙe ta daga wannan bango zuwa wancan.

"Sauti yana shiga ta nan, ya girgiza wayar, ya fito ta can da jela," in ji shi. "Ba wani asiri. Haƙuri ne kawai."

Sai a sannan ya duba rediyon Inna. Ya buɗe bayansa, ya sunsuna, ya ce in dawo jibi.

Na dawo.

Ya ce akwai ɗan abin da yake nema, bai samu ba tukuna. Amma in zauna, ga shayi a kan gawayi.

Na zauna. Ya nuna mini wani gwangwanin da ya haɗa da kawunan kaset biyu, ɗaya yana ɗaukar murya, ɗaya yana maido da ita. Ba mu rabu ba sai da aka kira la'asar.

Na sake dawowa. Labarin bai sauya ba.

Inna kuwa kullum sai ta tambaya. Har na fara jin haushi.

Ranar da na koma da niyyar karɓe rediyon ko a mace, sai na tarar ya tafi masallaci. Telan da ke gefensa, Tanko, ya yafito ni.

"Kai ne mai rediyon nan baƙi?"

Na ce ni ne.

Ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya rage murya.

"Ai tun ranar da ka kawo shi ya tashi. Da shi muke jin labarai nan layin."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To me ya sa yake wahalar da ni?"

Tanko ya cire zare daga bakin allura.

"Malam, kada ka ga laifinsa. Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Ya'yansa biyu, ɗaya na Legas, ɗaya na aure a Yola. Yanzu kowa waya yake riƙewa, wa zai kawo rediyo? Sai ya wuni a shagon nan ba wanda ya yi masa sallama in ba ni ba, ni kuma ka ga aiki. Kai ne na fara gani ka zauna ka saurare shi."



Da Baba Gidado ya dawo, ban nuna masa na san komai ba. Na ce, "Baba, Inna tana cikin kaɗaici ba rediyon nan. Amma ni ina son in riƙa zuwa ina kallon aikinka, in ba zan takura maka ba."

Ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

 Ya shiga, ya ɗauko rediyon, ya goge shi da bakin rigarsa, ya sa mini a hannu.

Daga nan na zama ɗan shago.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi ce, ina bin kasuwannin ƙauye. Duk ranar da ba ni da kasuwa, sai in biya ta wurinsa.

A haka na lura da wani gwangwani da ba ya cikin jerin sauran.

Shi yana kan teburin aiki kullum, an lulluɓe shi da ƙyalle. Fentinsa ya goge saboda taɓawa. A bango, daidai samansa, an rataye gurmi.

Duk aikin da Baba yake yi, da zarar ya samu sarari sai ya koma kan gwangwanin nan. Ya buɗe, ya cire wani ɗan ƙwayar abu, ya sa wani, ya liƙe da dalma. Sai ya sauko da gurmin ya jona, ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya kara kunnensa a jikin sifika.

Tsirkiya ɗaya. Kullum ita.

Na ce, "Baba, ka kaɗa mana mu ji mana."

Ya ce, "Ban iya ba."

"To gurmin na wane ne?"

"Nawa ne. Na saye shi don gwaji. Mai kaɗawar yana wani wuri."

Ranar ce ya ba ni labarin Sallau.

Tare suka tashi a unguwa ɗaya. Sallau makaɗin gurmi ne, Allah ya ba shi hannu da murya. Matsalarsa ɗaya: gurmi ba shi da ƙara. In taro ya cika, na baya ba sa ji, in aka kara masa makirfo kuma sai ya yi ta ihu.

Gidado a lokacin yana saurayi, yana koyon gyaran rediyo. Sai ya ciro wani ɗan faifan tagulla daga cikin mataccen agogo mai ƙararrawa, ya manna shi a fatar gurmin da kakin zuma, ya ja waya zuwa gwangwanin da ya haɗa.

"Ranar farko a gidan wani biki ne," in ji shi. "Da Sallau ya taɓa tsirkiya, mata suka fito daga ɗakuna da ludayi a hannu. Ba su taɓa jin gurmi ya cika fili haka ba."

Daga ranar ba su sake rabuwa ba.

Sallau a gaba da gurmi, Gidado a gefensa a tsugune da gwangwani a cinya. In waƙa ta zo wurin tausayi, sai ya murɗa ya ba ta jela. In ta zo wurin rawa, sai ya yanke jelar ya ƙara kauri.

"Ba ya ce mini komai. Kafaɗarsa kawai nake kallo, in san inda za shi."

Sun bi bukukuwa daga Azare har Gamawa, har Potiskum. Kwano ɗaya, tabarma ɗaya, bayan akori-kura ɗaya.

Har sunan Sallau ya kai Kano.

Wani mai sitidiyo ya aiko a zo a ɗauki waƙoƙinsa a kaset. Suka yi wanka, suka sa sababbin kaya, suka tafi.

Aka shigar da su wani ɗaki mai sanyi, bangonsa duk soso. Gidado ya jona gwangwaninsa kamar yadda ya saba.

Mai sitidiyon ya sa abin ji a kunnuwansa, ya yatsina fuska.

"Mene ne wannan yake kuka? Zuuu, zuuu. Ku cire mini gwangwanin nan, muna da injin da ya fi shi."

Mutanen da ke ɗakin suka yi dariya.

Baba ya ce mini, "Dariyarsu ba ta dame ni ba. Sallau na kalla."

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce, 'Gidado, ɗan jira ni a waje, yanzu za mu gama.'"

Ya fita. Ya zauna a kan benci a bakin titi da gwangwani a cinya, yana jin gurmin abokinsa na tashi ta bayan bango ba tare da shi ba.

Rana ta take, ta karkata.

Sai ya miƙe, ya nufi tasha, ya hau motar Azare. Bai yi wa kowa sallama ba.

A cikin motar ya yi wa kansa alkawari: ba zai sake haɗa ido da Sallau ba sai ranar da gwangwanin nan ya daina kuka.

Sallau ya zo shago, Gidado ya ce a ce ba ya nan. Sallau ya aiko mutane, Gidado ya ce yana aiki. Sallau ya zo gida, Gidado ya fita ta ƙofar baya.

Daga baya Sallau ya daina zuwa. Can kuma aka ce ya koma Misau, garin matarsa.

Na ce, "Yau shekara nawa ke nan?"

Ya ce, "Lokacin ɗiyata ta Yola tana goye. Yanzu ita ma tana goyo."

Ya yaye ƙyallen ya nuna mini aikin da ya sha. Ya raba gwangwanin da wutar gari ya mayar da shi kan batir. Ya shafe cikinsa da takardar azurfa ta kwalin shayi. Ya gajarta wayoyi, ya murɗe su biyu-biyu. Babu abin da ya rage na asali sai gwangwanin kansa.

Ya kunna, ya ƙure ƙara.

"Saurara."

Na kasa kunne. Ina jin keken Tanko. Ina jin akuya a kango. Daga sifika kuwa, wallahi ban ji komai ba.

Na faɗa masa.

Ya girgiza kai. "Yana nan. Can ƙasa. Kai ba ka san shi ba ne."

Ya mayar da ƙyalle.

Na tafi gida da abin a raina.

Misau tana cikin garuruwan da nake kai magani. Da na je a zuwa na gaba, bayan na sallami masu shaguna, sai na fara tambayar Sallau mai gurmi.

Matasa ba su san shi ba.

Wani tsohon mahauci ne ya ce, "Sallau? Ai ya daɗe da ajiye kiɗa. Bi layin nan, za ka gan shi a ƙofar gida yana sayar da goro."

Na bi. Na gan shi daga nesa.

Dattijo ne mai jiki, zaune a kan buhu, faranti a gabansa. Wata yarinya ta zo sayen goro, na ga yadda ya yi ta fama kafin ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Hannuwansa duka biyu rawa suke yi, ba tsayawa.

Ban yi masa magana ba. Ban ga hurumina ba ne.

Na dawo Azare na wuce shago kai tsaye.

"Baba, na ga Sallau."

Ƙarfen dalma yana hannunsa. Bai ɗago ba.

"Yana lafiya?"

"Yana raye. Amma hannuwansa suna rawa. Ko goro da ƙyar yake ɗauka."

Dalmar da ke bakin ƙarfen ta ɗiga a kan tebur. Bai kula ba.

Can ya ce, "Gwangwanin bai gama ba."

Na ce, "To, Baba. Ni dai ranar Laraba zan koma, in Allah ya kai mu."



Ranar Laraba da safe ina loda kwalaye a mota, sai na ji sallama a bayana.

Baba Gidado ne. Ya sa babbar riga fara mai ƙanshin kafur, duk layin ninki a jikinta. Gurmi a kafaɗa. Gwangwani da sifika a ƙunshe cikin zane, ya rungume su a ƙirji.

"Akwai wurin mutum ɗaya?"

Muka kama hanyar Misau. Da muka faɗa wani rami, ya ce in bi a hankali, wayar ciki ba ta son girgiza.

Na tsayar da mota a bakin layin. Muka taka.

Sallau yana nan a kan buhunsa. Ya ɗago don amsa sallama, sai bakinsa ya tsaya a buɗe.

Suka kalli juna.

Na zaci za su rungumi juna. Ba su yi ba.

Baba Gidado ya tsuguna a gabansa, ya kwance zanen a hankali, ya ajiye gwangwanin a ƙasa tsakaninsu. Ya ce:

"Sallau, na cire kukan."

Sallau ya dubi gwangwanin, ya dube shi.

"Wane kuka?"

Jama'a, na ga fuskar Baba Gidado a lokacin. Ba na fatan in sake ganin irinta a fuskar wani dattijo.

Ya ce, "Kukan da mutumin Kano ya ji. Ranar da ka ce in jira a waje."

Sallau ya lalubi tunaninsa.

"Ni ban san da wani kuka ba, Gidado. Ni abin da na riƙe a ranar, na fito da kwanon shinkafa na mutum biyu, na tarar da benci ba kowa. Na zaga unguwar nan da kwano a hannu kamar mahaukaci. Na zaci mota ce ta buge ka."



"Kaset ɗin ma bai yi kasuwa ba," in ji Sallau. "Mutane suka ce ba gurmin da suka sani ba ne. Na dawo in faɗa maka, ka ce a ce ba ka nan. Ina hango ƙafarka ta ƙarƙashin labule."

Na matsa gefe na ba su wuri. Amma layin ƙarami ne, ina jin komai.

Sallau ya ce ya ci gaba da kiɗa na wasu shekaru da makirfon haya, amma abin bai sake yin daɗi ba. Da hannu ya fara rawa sai ya ba wani almajirinsa na kiɗa gurmin, ya kama goro.

Baba Gidado ya sauke nasa gurmin daga kafaɗa. Ya manna faifan tagullar, ya jona waya, ya ɗora wa Sallau a cinya.

"Ko sau ɗaya."

Sallau ya daɗe yana kallon gurmin. Sannan ya kai hannun hagu ga sanda, yatsun suka ƙi zama. Ya kai na dama ga tsirkiya, ya kuskure, ya sake kuskurewa.

A na gaba ya same ta.

Sauti ɗaya ya fita, garau, ba ko ƙura a jikinsa. Ya bi layin nan ya tafi da jelarsa. Wata mata da ke wucewa da tulu ta waiwayo.

Hannun Baba Gidado yana kan murfin man goge baki, idonsa a kan kafaɗar Sallau, yana jiran na biyu.

Na biyun bai zo ba.

Sallau ya sauke gurmin ya jingine shi da bango.

"Ya yi kyau, Gidado. Wallahi ya yi kyau. Amma ka ga hannun."

Ya ɗaga su sama, suna ta kaɗawa kamar ganye.

"Da ka bar shi da kukansa, mun yi ta kiɗanmu."

Baba ya cire tabarau. Ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Sallau ya juya ya ƙwala kira cikin gida, ya ce a kawo abinci, ya yi baƙo.

Aka kawo tuwo da miyar kuka. Loma tana zubewa daga hannun Sallau kafin ta kai baki. Sai na ga Baba Gidado ya matsa, ya yanka masa ƙanana ya tura gabansa.

Na tafi na yi kasuwata.

Da na dawo ɗaukarsa da yamma, na tarar suna musu a kan wani biki da suka yi a Gamawa, ko ruwa ne ya tashe su ko faɗan 'yan'uwan ango. Kowa ya kafe a kan nasa.

Tun daga ranar, duk zuwan da zan yi Misau, da Baba Gidado nake tafiya.

Bai sake ɗaukar gurmi ba. Wani lokaci ya riƙo ƙosai, wani lokaci rake. Sai ya zauna a gefen faranti, in mai sayen goro ya zo, shi yake ɗauka ya miƙa.

Haka muka yi damina guda.

Ana cikin girbin gero aka kira ni a waya daga Misau. Ɗan Sallau ne. Ya ce mahaifinsa ya cika da safe, za a yi jana'iza bayan azahar, kuma kafin ya rasu ya ce lallai a gaya wa Gidado.

Na same shi a shago yana hura gawayi. Da ya ga fuskata sai ya ajiye mafici.

"Sallau?"

Na ce, "Sai haƙuri, Baba."

Ya yi salati. Ya zuba ruwa a kan gawayin. Ya ja ƙofar shago, ya manta bai sa kwaɗo ba, Tanko ne ya bi bayanmu ya kulle.

Mun samu sallah. Baba Gidado yana sahun gaba. Da aka ɗauki makara ya sa kafaɗarsa, matasa suka so su karɓe shi, ya ƙi.

A hanyar dawowa rana tana faɗuwa a kan gonaki. An tara dammunan gero a bakin hanya, mata suna komawa gida da kaya a ka.



Da muka yi nisa, Baba yana kallon waje, ya ce:

"Hambali."

"Na'am, Baba."

"Damina ɗaya muka samu. Sauran duk na ba gwangwani."

 Na rage gudu kawai, don kada mu yi saurin isa inda zan sauke shi shi kaɗai.

Darasi:

Da yawanmu akwai wanda muka ce ba za mu neme shi ba sai mun gyara wani abu. Sai na samu aiki. Sai na gina gida. Sai na nuna masa ni ma na isa.

Wataƙila shi ko tuna abin ba ya yi. Kai kawai yake nema.

Aiki zai jira ka a kan tebur har gobe. Hannun mutum da numfashinsa ba sa jira.

In akwai wanda ya faɗo maka a rai kana karanta wannan, kada ka tsaya sai komai ya daidaita. Je ka da kukanka, ya gan ka a haka.

Allah ya jiƙan Sallau, ya ba Baba Gidado haƙuri.

Ku tura wa wasu su karanta. Mai yiwuwa ya isa hannun wanda ake jira a wata ƙofa tun tuni.